Haƙorin Sama, Idon Hagu

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

Yau kasuwar Batsari, kuma Baba bai fita ba. Yaya Tayyib ne ya faɗa mini a waya, can a ƙarshen magana, bayan ya gama tambayata ko ɗinkin matarsa ya samu. Wai, "Af, Baba ma dai yana ɗan fama da haƙori." Ɗan fama! Mutumin da ranar sunana ma sai da ya leƙa kasuwa, yau ya wuni a ɗaki, shi ne ɗan fama. Na ce tun yaushe? Ya ce ya kwana biyu. Na ce ni da nake nan Safana, wata ƙasa ce da ba za a gaya mini ba? Ya ce ai abin da ya sa ke nan, an san halina.

An san halina. To, madalla.

Baba dillalin hatsi ne tun kafin a haife mu, kuma da haƙori yake aikinsa. Ya zura hannu a buhu, ya ɗebo dawa ko masara ko wake, ya jefa a baki, ƙas! Sai ya ce wannan ta bushe, waccan da saura, a mayar da ita shanya. Masu saye da masu sayarwa duk bakinsa suke jira. Wai cikin watan jiya ya gamu da tsakuwa a cikin wake, haƙori ya tsage, ya yi shiru abinsa.

Jibi zan je. Maigidana, Abban Hadiyya, ya ce in tafi da hantsi in dawo kafin la'asar, saboda hanya.

Asabar, 5 ga Oktoba

Da na ɗaga labulen ɗakinsa sai da na ja da baya. Kuncinsa na hagu ya yi suntum, yana sheƙi, ɗakin kuma sai warin tafarnuwa da man zafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da rabin baki, yana tambayar mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya kamar ziyarar salla na zo.

Na ce ya buɗe baki in gani. Dasashinsa ya yi fari fat, ya saluɓe. Na tambayi Inno, mahaifiyarmu, me aka sa masa, ta sunkuyar da kai. Ashe Yaya Tayyib ne ya je wurin mai cajin batir ya karɓo ruwan batir, ya ɗiga a auduga ya danna masa, wai yana kashe ciwo. Ruwan da yake huda wando! A bakin ubanmu! Allah ya taimaki Yaya ba ya gida, da yau unguwa ta ji mu.

Na ce Baba gobe sai asibiti, a cire shi a huta. Ya ce, "Uwata, zauna ki sha ruwa tukuna." Sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma duk lokacin da zai ƙi mini abu da Uwata yake farawa. Ya ɗora yatsa a kan wurin. Na sama ne, bayan fiƙa, daidai ƙasan idonsa na hagu. A nan na gane inda aka dosa. Idon Baba na dama ya mutu tun yana saurayi, karan dawa ya soke shi. Na hagun nan shi ke nan gare shi.

"Na sama ba a cire shi," in ji shi. "Jijiyarshi da ta ido guda ce. Ki tambayi kowa."

Na ce wane kowa? Ya ce Yaya Labaran fa? Da idonshi biyu ya je wurin wanzami aka cire mashi na sama, kafin shekara ta zagayo ni nike ja mashi sanda.

Baffa Labaran, yayan Baba. Na taso na gan su tare, Baba a gaba, shi a baya, sanda a tsakani, masallaci da kasuwa da gidan gaisuwa, har ya rasu. Ba wanda ya taɓa kai shi a duba idon nan. An dai ce haƙori ne, magana ta zauna.

Na yi magana har muryata ta dushe. Ko a jikinsa.

A hanyar dawowa nawa haƙorin ma ya ɗan motsa. Iskar babur ce. Na sa kanumfari.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na ɓata wuyan rigar mutane sau biyu. Na rufe keken ɗinki.

Litinin, 7 ga Oktoba

An kira Sammani mai hayaƙi. Ni ba a kira ni ba, matar Yaya ce ta tsegunta mini. Wai ya gasa tsingaro, ya zuba wasu ƙwayoyi da mai, ya kifa mazurari, Baba ya kafa baki yana shaƙa har hawaye na zuba. Da aka gama ya nuna musu wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ƙwaryar ruwa, wai ga tsutsotsin sun fito. Inno har da kabbara.

Na kira Yaya. Na ce tsutsar nan kun ga ta motsa? Ya ce ai hayaƙi ya kashe ta. Na ce ƙwayoyin da ya ƙona ne suka fashe, ko ni in ka ba ni tsingaro zan fitar maka da tsutsa daga takalminka. Ya ce, "Ke dai Muhsina bakinki ya fi ƙarfinki. Ni yayanki ne fa." Na ce na sani Yaya, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ya kashe waya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mun je Katsina. Sai da na rantse wa Baba cewa dubawa kawai za a yi a ba da magani, ba mai sa masa ƙarfe a baki, sannan ya shiga mota. Yaya ya raka mu.

Layin sashen haƙori ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi. Kowa riƙe da kunci. Ga wani ɗan acaɓa, na gabansa biyu sun karye tun faɗuwar da ya yi bara, sai yanzu da suka fara ruwa ya zo. Ga wata mai goyo kusa da ni, ba za ta girme ni ba, turamenta na ƙasa duk sun yi kogo. Ta ce tun tana da ciki yake damunta, aka ce mai ciki ba ta zuwa, da ta haihu aka ce bari ta yi arba'in, da ta yi arba'in aka ce bari yaro ya yi ƙwari. Ga wani dattijo da nasa ba su ruɓe ba, girgiɗi kawai suke, ya ce da kansa ya cire biyu da zare. Ba wanda na tambaya ya ce mini jiya ya fara. Kowa sai ya gama da gishiri da kanumfari da hayaƙi da mai kemis, sannan a kwaso shi.

Likitar mace ce, Likita Fauziyya. Ba ta da hayaniya, ni kuwa na so a ce ta ɗan yi masa faɗa. Ta gaishe shi har da "Baba ina gajiya," ta sa aka ɗauki hoto. Abin da na riƙe a maganarta: haƙorin ya tsage har saiwa, ba ya gyaruwa. Ruɓa ta riga ta cinye shi ta ciki, tsakuwar ƙarasa shi kawai ta yi. Ta tambaye shi shayi, ya ce sau uku, kuma shi ba ya shan shayin marasa lafiya, sai ya ji sukari. Goro? Ya ce wannan kuma ba a tambaya. Ta yi murmushi ta ce yawancin waɗanda take cire wa, masu ƙuruciya ruɓa ce ke kawo su, manya kuma dasashi ne ke sakin haƙori, shi Baba ya haɗa biyun ya ƙara da sana'a.

Na ce Likita ki gaya masa zancen ido. Ta juyo da hoton ta nuna masa. Ta ce cirewa ba ta taɓa ido. Barinsa ne abin tsoro, don mugunyar da ta taru tana iya hawa sama ta kai ga idon, tana iya wuce nan ma. Ta rubuta magani, ta ce mu dawo Talata a cire, kada mu wuce.

Baba ya yi ta godiya, har da sa mata albarka. Muna fita ya ce da Yaya, "Yarinya mai hankali. Amma ba ta san Labaran ba."

Na ciji leɓe har sai da na ji gishiri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kumburi ya saɓe, in ji Inno. Ya ci tuwo. Gidan ana ta murna, kuma wai ana gardama ko hayaƙin Sammani ne ya yi aiki a makare. Maganin da na tsaya a layi na karɓo, Sammani ke shan yabo.

Na tuna musu Talata. Inno ta ce, "Ke kau ki bar bawan Allah ya huta, mi kike so da bakinshi?" Ita da nata na ƙasa saura kaɗan, kullum cewa take kowane ɗa da haƙorinsa ya tafi. Mu shida ta haifa. Ban san su wa suka tafi da sauran ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na bar Hadiyya wurin maƙwabta, na hau babur tun da sassafe, na isa na tarar ya tafi gaisuwar mutuwa Yasore. Mutuwar da aka yi tun kafin ya kwanta. Na zauna a tsakar gida da mayafina har azahar.

Ba zan ƙara sa baki ba. Wallahi. Bakinsa ne, idonsa ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kira sau uku, bai ɗauka ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ya fita kasuwa. Jinjiri, abokinsa na rumfa, ya ce da Abban Hadiyya ai Malam Armaya'u, wato Baba, ya warke sarai, yau da idonsa ya ga ya fasa sabuwar masara. Da ɗaya gefen, wai. Sabuwar masara!

Ni kuma na kasa cin gyaɗar da aka kawo mana. Ruwan randa ma sai na karkata kai nake sha. Zaren da nake yankewa da haƙori ne, na sani, in na huta zai bari. Ba ni da lokacinsa yanzu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Wannan sai na rubuta shi.

Yaya ya kira da hantsi, muryarsa ba irin ta kullum ba. Ya ce ki zo. Na tarar da Baba kwance, jiki kamar garwashi, kumburin ya dawo ya ninka na da, ya haye sama ya rufe idon ruf. Idon da ake ta tattali. Yana lalube yana neman butarsa, tana gabansa.

Muka kai shi asibitin cikin gari, aka yi masa allurai aka sa ruwa. Ma'aikacin ya ce wannan taimakon gaggawa ne kawai, a koma wurin masu haƙori tun wuri. Na kira Likita Fauziyya, ta ce a kawo shi gobe, kada a ƙara kwana.

Da muka dawo gida na gaya masa. Ya ce a bari ya ga yadda allurar za ta yi.

Nan na fashe. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce Baba ga idon nan ya rufe, da haƙorin a bakinka! Wa ya cire? Na ce so kake mu binne ka da haƙoranka cif, mu ce alhamdu lillahi bai yi giɓi ba? Inno ta ce, "Muhsina! Ubanki ne!" Na ce na sani Inno, da na wani ne da ina Safana ina ɗinkina. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Yaya yana bakin ƙofa, yau bai ce ni ƙanwarsa ce ba.

Baba ya bari sai da na gaji. Sannan ya ce, a hankali, da bakin nan da ba ya buɗuwa sosai:

"Uwata, ba mutuwa nike gudu ba. Na ja ma Labaran sanda, na san abin da ke cikinta. Ya so fitsari sai ya jira ni. Ya ji ana dariya bai san da wa ake ba. Shi yana da ni. Ni wa gare ni? Tayyib na neman abin da za a ci. Wa zai riƙe mani sanda?"

Na ce, "Ni! Ni zan riƙe! In dai sanda ce matsalar, ni zan ja ka har kasuwa!"

Na faɗa ne don in rufe masa baki. Ba wata sanda da za a riƙe, na sani, likita ta sani.

Can ya ce, "Kin yi alkawari?" Na ce na yi. Ya ce to a gaya wa likita za shi. Amma ba gobe ba, a ba shi zuwa Laraba.

Na ci nasara ke nan. Ban san me ya sa ba na jin daɗi ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kwana Batsari, Abban Hadiyya ya kawo mini yarinyar da kayanmu. An sake allura. Zazzaɓi ya sauka, idon ya ɗan buɗe kamar tsagar wuƙa, zuwa yamma ya ƙaru. Likita ba ta so jinkirin ba, ta ce in zazzaɓi ya dawo ko ya kasa haɗiya mu taho ko mene ne. Na roƙe shi mu tafi gobe. Ya ce yana da abin yi gobe.

Abin yi. Mutum da rabin fuska.

Talata, 22 ga Oktoba

Na fito daga wanka na tarar ba shi ba Yaya, ba babur. Inno ta ce sun tafi Karare, gona. Karare! Inda mutane ba sa zuwa sai a ayari saboda 'yan bindiga, su yi abin da za su yi su juyo kafin rana ta take. Marar lafiya da wanda ya ɗiga masa ruwan batir, su biyu a kan babur. Na kira wayar Yaya, tana ɗaki tana ƙara. Na zagaya tsakar gidan nan har Inno ta ce in zauna ina sa ta jiri. Na tanadi maganganun da zan faɗa musu, munana.

Sun dawo kafin azahar. Na tari Yaya a zaure, kafin in buɗe baki ya ce, "Don Allah ki bari." Idonsa ja. Ya ce Baba bai yi komai a gonar ba. Bai taɓa ko zangarniya ba. Ya tsaya ne a bakin kunya yana kallon dawa, ya juya gabas ya kalla, ya juya yamma ya kalla. Ya sa aka kai shi gindin tsamiyar da suke hutawa da Baffa Labaran, ya ɗaga kai yana kallon ganye. A hanya ya ce a bi ta kasuwa, yau da ba kowa, ya tsaya gaban rumfarsa. Ya ce da Yaya, "Ashe rufin nan shuɗi ne."

Na watsar da maganganun da na tanada.

Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, inda haske yake. Ya kira jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe fuskar kowa. Hadiyya ta ja masa gemu. Ya ce da Inno ta zo ta zauna, ta ce ita tana da aiki, ya ce aikin ya jira. Ta zauna tana kallon ƙasa, tana murza bakin zane, ya ce ɗago mana. Ta ce, "Kai Malam, gaban yara?" Ta ɗago dai. Na shige madafa.

Sai ya kira ni. Na ce Baba wannan duk mene ne, gobe war haka kana nan kana ganin kowa. Ya ce to, Allah ya sa, zauna. Na zauna. Kallona kawai yake da idon nan guda da ya kumbura, tun daga goshi har haɓa, a hankali, yadda yake duba hatsin da zai saya da yawa. Tun ina ƙarama rabon da wani ya kalle ni haka. Na so in yi fushi, na nema na rasa.

Kafin magariba ya sa Yaya ya hau ya sauko da wani abu daga saman rumbu, naɗe da buhu. Sandar Baffa Labaran ce. Ashe tana nan. Ya goge ta da gefen rigarsa. Kanta biyu duk sun yi sumul sun yi baƙi, inda Baffa yake riƙewa da inda Baba yake riƙewa. Ya miƙo mini gefe guda ya ce, "Nan ne naki. Ba a ja da ƙarfi. In za a hau tudu sai ki ɗan ɗaga."

Wato duk surutun da na yi, da hoton da likita ta nuna masa, ko ɗaya bai shiga ba. Bai yarda idon zai tsira ba. Ya dai yarda ya bayar da shi ne, don na ce zan riƙe.

Na karɓa. Me zan ce?

Laraba, 23 ga Oktoba

Da sandar ya shiga mota. Na ce a bar ta a gida, ya ce a'a. Mutane a layi suna ta ba shi wuri, sun ɗauka makaho ne.

Likita ta bar ni na tsaya a ciki. Ya jingina sandar a bango inda hannunsa zai kai, ya hau kujera, ya dube ni sau ɗaya, ya yi bisimilla, ya rufe ido da kansa tun kafin a kunna fitila. Aka yi allura. Ta ɗan sha wuya, don haƙorin a tsage yake, gutsure biyu ya fito, baƙi ƙirin, ga mugunya. Warin sai da ya sa na kau da kai. Ta wanke wurin, ta sa auduga ta ce ya cije. Ta ce, "Baba an gama, sannu. Buɗe idonka."

Bai buɗe ba.

Ta sake faɗa. Ya girgiza kai. Hannunsa ya fara lalube a gefen kujera, yana neman sandar. Likita ta dube ni. Ni kuma haushi da kuka suka taso mini tare, na kama hannun na riƙe gam, na ce Baba don girman Allah ka buɗe, in duhu ne ga ni, ga sanda, ba inda za ni.

Ya buɗe kaɗan. Fitila ta kashe masa ido, ya runtse, ya sake buɗewa. Ya dubi silin. Ya dubi likita. Ya juyo kaina ya tsaya. Hawaye ya gangaro ta gefen kumburin, bai share ba.

Na jira in ji alhamdu lillahi, ko ya ce Uwata kin yi gaskiya. Na ma shirya fuskar da zan yi.

Sai ya zare audugar da aka ce kada ya taɓa, ya nuna ni da yatsa, ya ce, "Likita, duba mani wagga. Kuncinta na dama ya fi na hagu. Tun jiya na gani. Kuma gefe guda take tauna."

Na ce Baba mayar da audugarka! Likita ta ce, "Malama Muhsina, hau kujera." Na ce ni rakiya na zo. Ta ce ta sani.

Na sama ne. Na dama, can baya. Ta ƙwanƙwasa shi da ƙarfe sai da na ga taurari. Aka ɗauki hoto. Ta ce da na zo bara da an cike shi, yanzu kam ya wuce nan. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce kwanan nan. Ta dube ni ta saman tabarau. Na ce tun goyon Hadiyya.

Talata mai zuwa.

A mota Baba ya zauna gefen taga, yana karanta duk allon da muka wuce da baki cike da auduga. Sandar kuwa a asibiti ya manta ta, sai da Yaya ya koma ya ɗauko.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na dawo Safana. Kumburinsa na ta saɓewa, in ji Inno, yana shan kunu yana mita an hana shi goro. Jinjiri ya zo dubiya, Baba ya ce masa ya ɗaga yatsu daga nesa ya ƙirga masa. Yanzu wai shi ke ba mutane shawara su je a cire. Shi! Har yana cewa Labaran dai ƙaddara ce.

Yaya ya ce in ji Baba, da ni ake koyi wajen taurin kai. Ban ba shi amsa ba, bakina na ciwo.

Asabar, 26 ga Oktoba

Matar maƙwabcinmu ta ji labari ta shigo, wai, "Na sama? Ke da ke aikin ido?" Na ce mata Babana jiya-jiya aka cire masa, yana nan yana gani garau. Ta ce ai Baffanki ma ba a ranar ya makance ba.

Na raka ta har ƙofa don in tabbatar ta fita.

Litinin, 28 ga Oktoba

Gobe ne.

Zancen ido zancen banza ne, na faɗa na kuma, na gani da idona. Ba abin da ya dame ni.

Na dai ƙarasa ɗinkin mutane duka, har na matar Yaya, don ba na son a zo ana yi mini sallama ina fama da auduga. Na zura zare a alluran hannu gaba ɗaya na soke su a jikin labule, fari da baƙi da ja. Haka kawai, don sauƙi.

Da hantsi na fita ƙofar gida na ɗan tsaya. Bishiyar darbejiyar gidan liman ta yi tsawo, ban san yaushe ba. Hadiyya ta yi barcin rana a cinyata, ban kwantar da ita ba. Tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ƙarami, kamar ƙwayar gero. Ni na haife ta, yau na fara ganinsa.

Baba ya kira bayan la'asar. Ya ce gobe zai biyo motar farko ya raka ni. Na ce ba sai ya zo ba Baba, abin minti kaɗan ne, kai ma ba ka gama warkewa ba. Ya ce to. Ina jin kajin Inno ta cikin wayar.

Ban kashe ba sai da ya sake cewa zai zo.